Gidan Tarihin Jos Ba Matsafa Ba Ce, Mu Taka Mu Gani

Duk hutun Sallah sai an sake tayar da maganar nan mai ban haushi: wai babu abin gani a Jos, kuma wai gidan tarihin da ke tsakiyar gari matattarar gumaka ce, duk wanda ya kai yaro can sai ya kwaso iskoki. Akasarin masu yaɗa zancen ko ƙofar wurin ba su taɓa leƙawa ba. Su ne kuma ke sakin baki suna kallon hotunan wanda ya kashe miliyoyi ya je Landan, ya wuni yana taka sayyadarsa daga Fadar Buckingham zuwa bakin kogin Thames. Nasa yawon buɗe ido ne, namu kuwa an ce gantali.

Yawon buɗe ido dai fita ce don a gani a ƙaru. Shi ke nan.

To, me ke cikin gidan da ake gudu? An buɗe shi a 1952, a ƙarƙashin wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg. Abubuwan da ake kira gumaka sassaƙen gasasshen yumɓu ne na mutanen Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. Sun haura shekara 2,000. Babu mai durƙusa musu, babu mai yanka musu kaza. An adana su ne don su zama shaida cewa mutanen ƙasar nan sun iya sarrafa yumɓu, har da narka tama, tun Turawa ba su san da zamanmu ba.

Mai maganar tsafi ya sani cewa a wannan gidan ne ake ajiye da tsofaffin littattafan Larabci da malamanmu na Arewa suka rubuta da hannu. Ya kuma taka zuwa sashen gine-ginen gargajiya, zai tarar da kwatancin ganuwar Kano da na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu, an tayar da su da jar ƙasa. Wace irin matsafa ce ake adana rubutun malamai da siffar masallaci a cikinta? Haba jama'a! Ga kuma tsofaffin kawunan jirgin ƙasa a harabar, masu tuna mana ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos don kwasar kuza, wanda aka rufe a 1957. Kuzar nan ce ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu garin nan. Hana yaro ganin wannan, hana shi sanin asalinsa ne. Kuma yaɗa abin da ba ka tabbatar ba, ƙarya ce ko da sunan addini ka yi.

Gaskiya ne rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 sun sa tsoro a zukata, rashin kulawar hukuma ma ya lalata wasu gine-ginen gidan tarihin. Amma wannan bai isa ya hana mu zuwa ba.

Ga shawara ga mai niyya. Ku fita da sassafe, ku uku ko huɗu, a sanar da gida inda aka nufa. A fara daga unguwar Taminus, a dubi kangon babbar kasuwar da ta ƙone a 2002, a bi titin Ahmadu Bello a hankali har gidan tarihi. Gidan namun daji na maƙwabtaka da shi. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, saboda haka a ɗauki rigar sanyi da hunturu, laima da damina. A sa takalmi maras tsini, a riƙe ruwan sha, katin shaida da canjin kuɗin shiga.

Kada a ɗauki hoton mutum sai da izininsa, kada a kuskura a ɗauki shingen jami'an tsaro. Unguwar da ba ka sani ba, nemi ɗan unguwa ya raka ka, ka gaida mutane, ka bar musun addini da siyasa a gida. A kwaɓi yara, ban da jifan dabbobi, ban da rubuta suna a jikin ganuwa, ban da zubar da leda. Tafkunan da haƙar kuza ta bari a gefen gari kuwa, kada wanda ya shiga wanka, suna da zurfi kuma sun ci rayuka. Duwatsun Shere a ware musu wata rana, ba tafiyar ƙafa daga cikin gari ba ce. A koma gida kafin magariba.

Iyaye da malaman boko da na Islamiyya, ku ne da alhakin wannan. Ku fara zuwa da kanku ku gani, sannan ku kai ɗalibanku a zangon karatu mai zuwa. Allah Ya zaunar mana da Filato lafiya.