Cittar Kudancin Kaduna a Ɗakin Gwaje-gwaje

Gabatarwa

Cittar da ake nomawa a ƙasar Jaba, irin su Nok da Kwoi, da kewayen Kachia, Kagarko da Kafanchan, ta yi suna a duniya saboda yajinta da yawan manta. Ba a tukunya kaɗai take ƙarewa ba. Kamfanoni a Turai da Amurka suna sarrafa ta zuwa gari da ƙwayoyi da shayi, waɗanda ake sha a matsayin ƙarin abinci don gyaran jiki. Kafin su saya kuwa, sai an kai samfurinta ɗakin gwaje-gwaje. Sakamakon wannan gwaji yana komawa ne kan yadda manomi ya shanya cittarsa da yadda ya adana ta.

Abubuwan da Ake Gwadawa

Na farko shi ne danshi. Ƙa'idar busasshiyar citta ita ce kada ruwan cikinta ya wuce kashi 12 cikin 100, domin laima ke jawo funfuna.

Na biyu, gubar funfuna da ake kira afulatoksin. Ba ta da ɗanɗano, ido ba ya ganinta, dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana haddasa kansar hanta. Tarayyar Turai ba ta karɓar cittar da nau'in B1 na wannan guba ya haura maikirogiram 5 a kowane kilo, wato daidai da giram 5 a cikin tan 1,000.

Na uku, ragowar maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin diklobos da aka samu a cikinsa. Tun bayan cutar da ta lalata gonakin citta a 2023, manoma da dama sun ƙara yin feshi, don haka wajibi ne a bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba.

Na huɗu, dalma da ƙwayoyin cuta irin su salmonela, waɗanda kan shiga citta daga ƙura, gurɓataccen ruwa da kashin dabbobi.

Bayan waɗannan, akan auna yawan mai da sinadarin yaji. Nan ne Tafin Giwa da Yatsun Biri suke nuna darajarsu.

Ɗaukar Samfur

Funfuna ba ta bazuwa daidai a cikin kaya. Buhu ɗaya kan iya ɓata lodin mota. Saboda haka ba a ɗibar samfur daga bakin buhu guda. Ana ɗiba daga buhuna masu yawa, sama da tsakiya da ƙasa, a haɗa, a niƙa, sannan a auna. A Nijeriya, Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa irin waɗannan kayayyaki rajista bayan gwaji, kuma tana da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna.

Shawarwari ga Manoma

1. A wanke citta da ruwa mai tsabta, a tsaga ta, a shanya ba tare da jinkiri ba.
2. A shanya a kan tamfol ko daɓen siminti, ba a bakin titi ko a ƙasa ba, kuma a tsare dabbobi.
3. A rufe ta da dare saboda raɓa.
4. Kada a ɗure ta a buhu sai ta bushe ƙarau, tana karyewa da ƙara.
5. A guji buhun da aka zuba taki ko magani a ciki.
6. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango, kuma kada a yi musu feshi.
7. A ware duk wadda ta yi funfuna, kada a cakuɗa ta da mai kyau.

Kammalawa

Kuɗin gwaji ya yi wa manomi ɗaya nauyi, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Ya kamata malaman gona su taimaka wa ƙungiyoyin manoma su tara kayansu wuri guda, su gwada kafin su kai kasuwa. Ƙungiyar da ke riƙe da takardar sakamako ta fi ƙarfin yin ciniki da dillali.