Itacen da Furensa Ke Riga Ganye Fitowa

A ƙasar Sin akwai babban itace mai suna yulan. Turawa na kiran danginsa magnoliya, don tunawa da Pierre Magnol, masanin tsirrai na Faransa. Da sanyi yakan zubar da ganye sarai, sa'an nan fararen furanni masu ƙanshi su rufe rassansa tun ganye bai fito ba. Nan haɗarin yake, gama jaurar dare ɗaya ta isa ta ƙone furen shekara guda. Domin haka ake dasa shi inda iskar sanyi ba ta bugunsa. Saiwoyinsa kuwa masu taushi ne, ba su nitse sosai ba. Mu da muka saba kaftar gindin mangwaro da fartanya, da mun yi masa ɓarna. Ruɓaɓɓen ganye ake shimfiɗa masa a gindi.