Wasannin Gem Na 'Yan Fashin Teku: Asalinsu Da Tarihin Da Ba Sa Gaya Wa Yaranmu

  

Wani bawan Allah, manomin riɗi a nan yankin Fashaga, ya same ni bayan sallar La'asar riƙe da wayar ɗansa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a duba mini wannan abu. Yaron nan bai taɓa ganin teku ba, iyakarsa kogin Atbara, amma ba shi da zance sai na jiragen ruwa da igwa da wani wai shi Jack Sparrow. Kuɗin da na ba shi ya sayo buhuna ma, rabinsu sun shige cikin wayar." Na karɓa na duba, na tambayi ɗalibaina, sa'an nan na koma ga littattafan tarihi. Malaman usulu sun koyar da mu cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimce shi, don haka bari mu fara da sanin abin.

Daga wurin shaƙatawa zuwa fim

Asalin labarin wani wurin shaƙatawa ne da kamfanin Disney ya buɗe a Disneyland ta jihar Kalifoniya a Amurka a shekarar 1967. Ana sa mutane a ƙananan kwale-kwale, a zagaya da su cikin gine-gine, suna kallon 'yan tsana masu motsi da aka yi wa shigar 'yan fashin teku. A shekarar 2003 kamfanin ya mayar da wannan fim mai suna Pirates of the Caribbean, wato 'yan fashin tekun Karebiyan, ɗan wasa Johnny Depp ya fito a matsayin Jack Sparrow. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, aka yi na biyu a 2006, wanda shi kaɗai ya kawo sama da dala biliyan 1, sai na uku a 2007, na huɗu a 2011, na biyar a 2017. Jimillar abin da biyar ɗin suka tara a gidajen sinima ya haura dala biliyan 4.

Daga fim zuwa gem

Idan fim ya yi suna, mai shi yakan sayar wa kamfanonin gem lasisin amfani da sunan da fuskokin jarumansa, domin wanda ya kalli fim ya riga ya zama mai saye. Wasan farko na kwamfuta da na'urar Xbox da ya ɗauki wannan suna, a 2003, wani kamfanin Rasha ne mai suna Akella ya haɗa shi. Da farko sunansa Sea Dogs II, sai aka sauya masa suna don ya bi kasuwar fim ɗin, shi ya sa labarinsa bai da wata alaƙa mai ƙarfi da na fim. A 2006 aka fitar da The Legend of Jack Sparrow, wanda Johnny Depp da kansa ya ba shi murya. A 2007 Disney ta buɗe Pirates of the Caribbean Online, inda dubban mutane ke haɗuwa ta intanet, ta kuma rufe shi a watan Satumba na 2013, duk jirgin da mutum ya gina da dukiyar da ya tara a ciki suka tafi. A 2011 aka yi na Lego don ƙananan yara, ya haɗa labarin fina-finai huɗu. A 2017 kamfanin Joycity na Koriya ta Kudu ya fitar da Tides of War na wayar hannu. Daga baya aka shigar da Jack Sparrow cikin wasu wasannin da suka riga suka yi suna, kamar Sea of Thieves a 2021 da Fortnite a 2024.

Bambancin fim da gem babba ne. Mai kallon fim yana zaune awa biyu, labari ya ƙare, ya tashi. Mai buga gem shi ne yake tuƙa jirgin, shi yake harba igwa, shi yake kwashe kayan, kuma kowace nasara tana buɗe masa sabon mataki.

Yadda kuɗi ke fita

Wasannin waya irin waɗannan kyauta ake sauke su, cinikin yana ciki. Za a ce maka gina jirgi zai ɗauki awa kaza, in kana so ya ƙare yanzu ka biya. Za a sa ka cikin ƙungiya da wasu 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban, su riƙa jiran ka a lokacin kai hari, in ba ka zo ba ka kunyata su. Kana barci ma ana iya afka wa sansaninka, shi ya sa yaro yake farkawa tsakar dare yana lalube wayar. A wasu wasannin akwai akwatin sa'a: ka biya kuɗi ba tare da sanin abin da zai fito ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan akwati caca ne a dokarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Abin da take nufi shi ne mutum ya kasa sarrafa kansa, wasan ya gabaci karatu da aiki da iyali, ya ga cutarwar ya ci gaba, har tsawon kimanin shekara. Yawancin masu wasa ba su kai nan ba, amma alamomin sun cancanci uba ya san su.

Su wane ne 'yan fashin na gaskiya?

A fim da gem ɗan fashi mutum ne mai barkwanci, mai 'yanci, mai neman zinariyar da aka binne a tsibiri. Zinariyar ta wa ce? A shekarar 1695 wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Every ya yi kwanto da jirginsa Fancy a mashigar Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta kudu, yana jiran jiragen Indiya. Ya bi sawun babban jirgin Sarki Aurangzeb mai suna Ganj-i-Sawai, wanda ke komawa garin Surat ɗauke da alhazai da dukiya, ya kama shi. Mutanensa suka kwashe kwanaki suna azabtar da maza don su nuna inda kuɗi suke, suna keta haddin mata, har wasu matan suka faɗa teku don tsare mutuncinsu. Sarkin ya fusata, aka kulle ma'aikatan kamfanin East India na Ingila a Surat. An rataye wasu daga cikin 'yan fashin a Landan a 1696, shi kuwa Every ba a taɓa kama shi ba. Dukiyarsa ce jarumin wasan Uncharted 4 na 2016 yake farauta.

Blackbeard, wanda ya fito a fim na huɗu da jirginsa Queen Anne's Revenge, shi ma mutum ne na gaske, an kashe shi a Nuwamban 1718. Jirgin nan asalinsa na fataucin bayi ne na Faransawa mai suna La Concorde, ya ƙwace shi a 1717 ɗauke da ɗaruruwan 'yan Afirka, ya bar mafi yawansu a hannun masu fataucin. Haka jirgin Whydah da Sam Bellamy ya kama a wannan shekarar, an raɗa masa sunan tashar bayi ta Wida da ke Jamhuriyar Benin ta yau. Ya nutse a gaɓar Amurka, aka gano shi a 1984, a cikinsa har da kayan adon zinariya na mutanen Akan.

Gaɓar tekunmu ma ta ɗanɗana. A 1183 Reynald mai mulkin Karak ya sa aka ɗauko sassan jirage a kan raƙuma aka haɗa su a Bahar Maliya, mutanensa suka afka wa tashar alhazai ta Aizab, can arewa wajen Halayib, har sai da Husamuddin Lu'lu, kwamandan jiragen Salahuddin, ya murƙushe su. Ibn Jubair ya ga fursunonin da idonsa a Iskandariya. Mu da kakanninmu suka tako daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, suka haye daga Sawakin a ƙananan jirage, in da mun rayu a wancan zamani, a cikin jirgin da ake harbi muke. Kuma mutumin Fashaga ba sai an fassara masa fashi ba: ya san 'yan shifta da ke faɗo wa gona lokacin girbi, su kwashe riɗi da dawa, su kama manomi sai an biya fansa.

To, ina matsayin wasan?

Fashi da makami shi ne hiraba, hukuncinta yana aya ta 33 a Suratul Ma'ida, kuma tsare hanya a ruwa da a tudu duk tsare hanya ne. Suratul Kahfi ma ta ba da labarin sarkin da ke ƙwace jirage da ƙarfi. Amma adalci ya wajaba: yaron da ya nutsar da jirgi a waya bai yi hiraba ba, kuma buga wasan ba ya mayar da shi ɗan fashi. Wasu ma sukan tsinci karatun taswira da kalmomin Turanci da dabarar tsara aiki. Malamai na da sun yi saɓani a kan shaɗaranji, amma sun haɗu a kan cewa duk wasan da caca ta shiga, ko ya hana farilla, ya haramta. A kan wannan ma'auni za a auna. A kuma sani cewa labarin fina-finan nan cike yake da shan giya da wasan caca da tsafi da wata da suke kira allahiyar teku, kuma wasu wasannin sun kwaso waɗannan.

Shawarata ga iyaye ita ce a duba lambar shekarun da ke jikin wasa kafin a sauke shi. Tsarin Turai na PEGI yana da 3 da 7 da 12 da 16 da 18. Wasan Assassin's Creed IV: Black Flag na 2013, alal misali, na 'yan 18 ne a wajen waɗanda suka yi shi. Kada a bar wa yaro hanyar biyan kuɗi a wayarsa. A yanke masa lokaci sananne, wayar ta kwana a hannun uba ko uwa. Ku kuma ɗalibai, kowa ya lissafa awoyin da ya ba wasa a mako guda, ya ajiye su kusa da awoyin haddarsa, ya yi wa kansa hisabi.

Shi wannan manomi na ce masa kada ya fasa wayar, ya zo mini da yaron. Da suka zo na ba yaron labarin alhazan Surat, na tambaye shi a wane jirgi kakansa zai kasance. Ya sunkuyar da kai bai amsa ba. Muka yi yarjejeniya zai biya kuɗin buhunan da guminsa a yankan riɗin bana.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare manomanmu da matafiyanmu a tudu da ruwa, Ya dawo da zaman lafiya a Sudan. Allah ne Mafi sani.