Me Ya Sa Kuɗin Jirgi Daga Accra Ya Sha Bamban Da Na Lome Da Legas?

Duk wanda ya saba zama a majalisar 'yan kasuwarmu a Nima ko Sabon Zango ko Zangon Kumasi ya sha jin wannan gardama. Wani ya ce ya yanki tikitin Jidda a nan Accra, wani ya ce masa ai da ya tsallaka Aflao ya tashi daga Lome da ya sami sauƙi, na uku kuma ya rantse shi akasin haka ya gani. Tafiya ɗaya, nisa kusan ɗaya, wani lokaci ma kamfani ɗaya, amma kuɗi daban. Da yawa daga cikinmu kan zargi ejan da cuta. To, kafin mu ɗauki alhakin bawan Allah, ya kamata mu san yadda ake yanka wannan farashi.

Abu na farko shi ne, kamfanin jirgi ba ya lissafi da nisan hanya kaɗai kamar direban lori. Kujerar jirgi tamkar tumatir ce a hannun ɗan kasuwa: da zarar jirgi ya tashi da ita babu kowa, ta zama asara. Saboda haka kamfani kan kasa kujerun jirgi ɗaya kashi-kashi, kowane kashi da farashinsa, sannan ya dubi kowace ƙasa a matsayin kasuwa mai zaman kanta. Inda masu saye suka yi yawa, kamar nan Ghana a watan Disamba ko lokacin Umarar goman ƙarshe na azumi, sai ya rufe kashi mai araha. Inda yake neman fasinja, sai ya buɗe.

Na biyu, ba duk abin da muke biya ne ke shiga aljihun kamfani ba. A jikin kowane tikiti akwai harajin gwamnati, da kuɗin filin jirgi, da na tsaro, kuma kowace ƙasa ita ke yanka nata. Ingila ta ƙago harajin fasinja tun 1994, wanda mai tashi daga filayenta ke biya gwargwadon nisan tafiyarsa. Faransa ma ta fito da nata a 2006. Mu kuwa a Afirka ta Yamma, irin waɗannan kuɗaɗe suna cikin mafi tsada a duniya, kuma abin da Ghana ke karɓa ba shi Togo ko Nijeriya ke karɓa ba.

Na uku shi ne gasa. Tun bayan yarjejeniyar Chicago ta 1944, jirgin wata ƙasa ba ya sauka a wata sai gwamnatocin biyu sun daidaita a kan kamfanonin da za su yi zirga-zirga da yawan sawun da za su yi. Idan kamfani ɗaya ne ke riƙe da hanya, to abin da ya ga dama shi zai ce. Dattawanmu za su tuna yadda Air Afrique ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways a 2003, sannan namu Ghana Airways ya daina tashi a 2004, aka bar mu a hannun kamfanonin waje. Lome kuwa ta zama mahaɗar jirage tun da kamfanin ASKY ya fara aiki a can a 2010 tare da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines. An kuma ga amfanin gasa a Nijeriya a watan Maris na 2024, lokacin da Air Peace ya fara zuwa Landan daga Legas, kamfanonin waje suka shiga rage kuɗinsu. Wannan ne ma dalilin da ya sa tikitin da zai bi da mutum ta Kasablanka ko Istanbul ko Addis Ababa kan fi na kai-tsaye araha, duk da cewa hanyar ta fi tsawo: mai neman janye fasinja daga hannun wani dole ya sassauta.

Na huɗu, wanda ya fi shafarmu, shi ne darajar kuɗi. Galibi da dala ake yanka farashi, sannan a juya shi zuwa sidi ko naira ko sefa a kan canjin ranar. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai na yuro, don haka ba ta cika tangal-tangal ba, ko da yake a Janairun 1994 an karya darajarta da rabi a dare ɗaya. Sidi kuwa mun ga irin faɗuwar da ya yi a 2022. Abin da ya faru a Nijeriya ya ishe mu misali. A 2022 da 2023 ƙarancin dala ya hana kamfanonin waje fitar da kuɗin tikitin da suka sayar, har abin da ya maƙale ya haura dala miliyan 800. Emirates ya dakatar da zuwa ƙasar a 2022, bai koma ba sai Oktoban 2024. Sauran suka rufe kujeru masu araha, sai ga 'yan'uwanmu na Nijeriya suna tururuwa zuwa Accra da Kwatano da Lome don su tashi daga nan. Wato ƙasar da ta fi araha bana, tana iya zama mafi tsada baɗi.

To, mene ne abin yi? Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Kafin mu ɗauki jaka mu nufi Aflao, mu haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, da masauki idan jirgin na asuba ne, da wahalar iyaka, da nauyin kayan da aka yarda mu ɗauka, musamman mu masu sarin kaya daga Dubai da Sin. Mu kuma kiyaye da wata doka da ta sha jawo wa mutane asara: ana amfani da tikiti ne bi da bi. Wanda ya sayi tikitin da ya fara daga Lome, ya ƙi hawa a can da nufin ya tari jirgin a gaba, kamfani zai soke masa sauran tafiyar baki ɗaya. Batun Hajji kuma daban ne, domin Saudiyya kan ware wa kowace ƙasa adadin kujerunta, kuma kuɗin ya haɗa da masauki da hidimar Mina da Arafa, ba jirgi kaɗai ba. Duk wanda ya ce zai kai mu ta wata ƙasa a kan rabin kuɗi, mu yi hattara da shi.

Shugabannin Afirka sun san da matsalar. Sun amince da buɗe sararin sama a ƙudurin Yamoussoukro na 1999, suka ƙaddamar da kasuwar jiragen sama ta bai-ɗaya a 2018, sannan a Disamban 2024 shugabannin ECOWAS suka yanke shawarar soke wasu haraji da rage wasu kuɗaɗen fasinja da kashi 25 cikin 100. Sai dai alkawari daban, cikawa daban. Kafin talaka ya gani a aljihunsa, namu shi ne mu tambayi farashi a wuri biyu ko uku, mu yanki tikiti da wuri, mu kuma nemi ejan ya nuna mana nawa ne kuɗin kujera, nawa ne haraji. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.