Jirgin sarki da ya nutse ran da aka fara tuƙa shi

Ƙasar Suwidin tana can arewacin Turai, ƙasar sanyi da ruwa. A shekara ta 1625 sarkinta, Gustaf Adolf, ya ba da umurni a gina mishi babban jirgin ruwa na yaƙi. A zamanin nan jirage ba su da inji. Ana kafa musu dogayen itatuwa a tsaye, a ɗaura manyan ƙyallaye, iska ta busa ta tura jirgin.

Sunan jirgin Vasa. Tsawonshi metir 69. An gina shi da itace mai ƙarfi, an yi mishi ado da gumaka ɗaruruwa masu launi, an ɗora mishi igwa 64 na tagulla, mafi yawansu a bene biyu. Kowace babbar igwa da tagarta a jikin jirgin, inda bakinta ke leƙowa.

Ran lahadi 10 ga watan Agusta 1628, mutanen birnin Istokolm suka taru bakin ruwa kallo. Aka buɗe ƙyallaye huɗu cikin goma. Iska ta buso, jirgi ya karkata, ya miƙe. Ta sake busowa, ba ma wata guguwa ba, sai ya kwanta gefen hagu. Tagogin igwa na ƙasa suna buɗe, ruwa ya kwararo ciki. Tafiyar duka ba ta wuce metir 1300 ba. Mutum kamar 30 suka mutu. Ba ma'aikata kaɗai ke ciki ba, har da mata da yara, don an yarda ma ma'aikatan jirgin su ɗauko iyalinsu.

To, mi ya kawo haka?

Duk wanda ya taɓa labta ma raƙumi kaya ya san amsar. Kaya mai nauyi ƙasa a ke sa shi, marar nauyi bisa. Idan aka juya, tafiya kaɗan kayan za su zame. Jirgin ruwa ma haka ne. Vasa ya yi tsawo bisa ƙwarai, benenshi na katako mai kauri ne, ga igwa, amma cikinshi da ke cikin ruwa ya yi ƙunci. An zuba duwatsu wajen ton 120 a gindinshi don su riƙe shi tsaye. Ba su isa ba. Kuma ba dama a ƙara, don in an ƙara, jirgin zai ƙara lumewa, tagogin ƙasa su kusanci ruwa. Tun wurin awo aka ɓata shi. Magina na lokacin ba su da lissafin da zai nuna musu haka, da ido da sabo su ke aiki. Babban maginin kuwa, Henrik, mutumen ƙasar Holan, ya rasu a 1627 aikin bai ƙare ba.

Abin takaici, manya sun gani. Kafin ranar tashi, shugaban jirgin ya sa mutum 30 su riƙa gudu tare daga wannan gefe zuwa wancan, a gaban wani babban hafsa mai suna Fleming. Zuwa uku kawai suka yi aka tsai da su, don jirgin shina neman kifewa a tashar. Amma sarki shina wajen yaƙi da ƙasar Polan, shina ta aiko da takarda a gaggauta. Ba wanda ya iya cewa a dakata. Bayan hatsarin an yi bincike, an tambayi shugaban jirgi da magina. Magina suka ce sarki da kanshi ya yarda da awon. Ba a hukunta kowa ba.

Jirgin ya shekara 333 a ƙarƙashin ruwa. A 1961 aka fiddo shi, katakonshi bai ruɓe ba. Masu bincike sun tsinci sandunan awo na ma'aikata, suka tarar iri biyu ne: na Suwidin da na Holan, kuma tsawonsu ba ɗaya ba. Gefen hagu ma ya fi na dama nauyi.

A wurin da aka gina Vasa an gina wani jirgi irinshi, amma aka ƙara mishi faɗin ciki kamar metir guda. Shi ya yi aiki wajen shekara 30. Vasa kuwa tun 1990 shina ajiye cikin gidan tarihi a Istokolm, baƙi suna biyan kuɗi su shiga kallonshi.