Taskace Muryoyin Ƙasar Yauri Ta Hanyar Kwamfutoci Masu Haɗe da Juna

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, tafkin da ya samu kuwa ya shanye tsibirai da ƙauyukan bakin Neja, har aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni. Cikinsu akwai Gungawa da Kambari da Lopawa na ƙasar Yauri. Waɗanda suka san waɗannan wurare suna samari, yau sun haura shekara 70. A bakinsu sunayen gungunan da suka nutse suke, da waƙoƙin su da na tuƙin jirgi. Harsunansu kuma, irin su Tsureshe da Shanganci, Hausa tana ta mamaye su. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda za a kafa tsarin na'urori da zai riƙe waɗannan muryoyi.

2.0 Dalilin Adana Murya

Rubutu ba ya kama dukkan abin da ke cikin magana. Karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ke bambanta ma'ana a harsunan yankin, sai kunne ke tantance su. A da manazarta sun dogara ga kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963. To, amma zafi da danshi suna lalata zarensa, kuma duk kwafin da aka yi sai ya gaza na asali kyau. Daɗin daɗawa, an daina ƙera yawancin rikodojin da ke karanta shi.

3.0 Yadda Tsarin Yake

Mataki na farko shi ne mayar da murya alƙaluma. Ana haɗa makirufo ko rikodar kaset da wata ƙaramar na'ura wadda ke auna sautin sau da yawa cikin kowace daƙiƙa, ta miƙa wa kwamfuta sakamakon. Faifan CD yana da awo 44,100 a daƙiƙa, amma masana adana sauti sun fi son 48,000 ko 96,000. Wajibi ne a ajiye kwafin asali cikin tsarin WAV, domin MP3 yana zubar da wani sashe na sautin don rage nauyi. A awo 48,000 na bit 24, sa'a ɗaya mai kafa biyu tana cin kimanin gigabait ɗaya.

Mataki na biyu shi ne haɗa na'urorin. Ana keɓe kwamfuta ɗaya ta zama rumbu, sauran kuma su riƙa ɗiba daga gare ta ta wayar Ethernet, wadda ke kai mita 100 kafin ta bukaci mahaɗa. Ta haka mai rubuta magana da mai fassara za su saurari murya guda a ɗakuna dabam. Idan kuwa ana son a tura sauti kai tsaye daga zauren ɗauka, akwai tsarin Dante, wanda kamfanin Audinate na Ostareliya ya ƙirƙiro. Sharaɗinsa shi ne dukkan na'urorin su bi agogo ɗaya, in ba haka ba sautin zai riƙa tsinkewa.

Mataki na uku shi ne kariya. Rumbu yana bukatar batir da hasken rana saboda ɗaukewar wuta. Haka kuma a yi kwafi uku, a raba su, alal misali ɗaya a Yelwa, ɗaya a Ngaski ko Shanga, na ukun a wata jami'a ta intanet.

4.0 Kammalawa

Na'ura ba ta san mai magana ba. Saboda haka kowace murya tana bukatar bayanin mai ita, da harshensa, da garinsa na da da na yanzu, da ranar ɗauka, da kuma izininsa game da wanda zai saurara, musamman a kan al'amuran tsafi da magani. Tsarin zai iya jiran samun kuɗi a kammala shi sannu a hankali. Ɗaukar muryoyin dattawan ne ba za ta jira ba, don haka da ita ya kamata a fara, ko da da rikoda ɗaya ce.