Bindigar Toka: Ɗan Rami Kamar Kafar Allura, Amma Rai Na Rataye A Kansa

Da zarar an kammala girbi, gero da wake da gyaɗa sun shiga rumbu, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa, to lokacin maharba ya kama a ƙauyukan Magariya da Dungas. Daga Bande zuwa Waca, daga Sasumburum zuwa Malawa da Dogo-Dogo, sai ka ga an sauko da bindigogin toka waɗanda suka kwashe damina guda a rataye a bango ko a ɓoye cikin azara. Wasu daji za su nufa da su, wasu kuwa wurin biki ko hawan salla. Abin tambaya shi ne, mutum nawa ne daga cikinsu ke tsayawa su duba lafiyar bindigar kafin su ɗura mata albarushi?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗan kasuwa ko mai sayar da ƙosai da zancen bindiga. Ai kuwa da ruwansu. Maharbin nan mijin wata ne, ɗan wata ne. Zabon daji da zomon da yake kawowa a kasuwa ake sayar da su, a tukunyar mata suke ƙarewa. Ranar biki kuma, mata da yara su ne suka fi kowa matsawa kusa da masu buga bindiga. In bindiga ta fashe, jarin da aka daɗe ana tarawa a adashe shi zai tafi asibiti.

Gadon Damagaram

Ƙasar Damagaram ba baƙuwar bindiga ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, fatake sun riƙa shigo da bindigogi ta hanyar Tarabulus, maƙeran birni kuma suka ƙware wajen gyara su, har ta kai ana ƙera igwa da haɗa albarushi a cikin Damagaram kanta. Da wannan ƙarfi ne Tanimun ya tara dubban bindigogi, ya ɗora ikonsa a kan ƙasashen Sosebaki irin su Mirya da Waca da Dungas. Amma a watan Yulin 1899, a Tirmini, dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gamu da sojojin Faransa masu bindigogin da ake sa wa harsashi ta baya, waɗanda ke yin harbi da yawa kafin mai bindigar toka ya gama ɗuri ɗaya. Daga nan bindigar toka ta bar fagen yaƙi, ta koma hannun maharba da 'yan bindigar fada. A wancan lokaci in an ce 'yan bindiga, bayin sarki ake nufi masu buga bindiga a gaban doki ranar salla, kafin kalmar ta ɗauki mummunar ma'anar da aka san ta da ita a yau.

Abin da masu gasar harbi suka gano

Domin a fahimci matsalar, bari mu leƙa inda aka ɗauki lamarin da muhimmanci. Harsashin zamani abubuwa huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da garin da ke cikinsa, da dalmar da ke bakinsa, sai kuma wani ɗan maɓalli a gindinsa mai ɗauke da sinadarin da ke yin tartsatsi in an buge shi. Wannan maɓalli yana zaune ne a cikin wani ɗan gurbi, a tsakiyar gurbin kuma akwai 'yar huda wadda wuta ke bi ta isa ga garin. Wani limamin coci ɗan Sikotilan mai suna Alexander Forsyth ne ya yi rajistar dabarar tayar da wuta ta hanyar bugu a 1807. A 1866 kuma Edward Boxer na Ingila da Hiram Berdan na Amurka kowannensu ya fito da nasa tsarin na maɓallin gindin kwanso, kuma har gobe da sunayensu ake kiran nau'o'in biyu.

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, inda doka ta yarda, masu gasar harbin nesa ba sa zubar da kwanso bayan sun harba. Sukan tattara shi su sake ɗura shi da hannunsu. Kafin su sa sabon maɓalli, da yawansu sai sun kankare baƙin da tsohon ya bari a cikin gurbin da ɗan buroshi, sun kuma tabbatar hudar a buɗe take. Dalilinsu shi ne, in datti ya taru a ƙasan gurbin, sabon maɓallin ba zai zauna daram ba. In bai zauna ba, bugun kunama kan ƙare wajen tura shi ciki maimakon tayar da shi, sai bindiga ta yi ƙememe. In kuma ya ɗago sama da gindin kwanson, a wasu bindigogin yana iya tashi tun ana rufewa. Su burinsu kowane harsashi ya tashi daidai da ɗan'uwansa, domin a nisan ɗaruruwan mitoci ɗan bambanci kaɗan kan kai dalma nesa da inda aka auna.

To in mutanen da ke aiki da gari marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, suna damuwa da ɗan baƙin da bai kai ƙwayar gero ba, ina ga mai bindigar toka?

Inda gizo ke saƙa

Bindigar toka ma tana da irin wannan huda. Tana can gindin bututun, inda kunama ke sauka, kuma ta nan ne wuta ke shiga ta kama albarushi. Bambancin shi ne albarushi ƙazamin gari ne. In ya ƙone, fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, saura yake bari, wani ya fita cikin hayaƙi, wani ya manne a cikin bututu da cikin hudar. Wannan saura yana da gishiri-gishiri mai jawo laima daga iska. Bindigar da aka harba aka rataye ba a wanke ba, ta kwana biyu kawai tsatsa ta fara cin ta daga ciki, balle wadda ta yi damina guda a ɗakin da ke yoyo.

Daga nan haɗari uku ke fitowa. Na farko, hudar ta toshe, a ja kunama bindiga ta ƙi tashi. Wannan shi ne mai sauƙi, iyakarsa maharbi ya yi asarar nama.

Na biyu shi ne wanda ya fi cin mutane. Hudar ba ta toshe gaba ɗaya ba, wuta ta shiga tana ci a hankali cikin datti da jiƙaƙƙen albarushi. Mai bindiga ya ji shiru, ya zaci ta ƙi, ya sauke ta ya juyo da bakinta yana leƙawa, ko ya miƙa wa na kusa da shi. Bayan daƙiƙoƙi kaɗan sai ta tashi. A wurin biki, inda jama'a suka yi da'ira, ba sai an faɗa wa mai karatu abin da zai biyo baya ba.

Na uku shi ne garwashin da kan maƙale a cikin dattin bututu bayan harbi. In aka yi gaggawar zuba sabon albarushi a kansa, nan take zai kama, kuma in daga cikin gora ko ƙaho ake tuttulawa kai tsaye, wutar za ta bi ta koma cikin gorar da ke hannun mutum. Bugu da ƙari, tsatsar da ke cin bututu a ɓoye tana rage masa kauri, har wata rana ya tsage a hannun mai shi. Yatsu da idanu da yawa ta wannan hanya suka tafi.

Akwai kuma wata ganganci da ya kamata a yi kashedi a kanta. Wasu in sun tsinci harsashin zamani sukan fasa shi su zuba garinsa a bindigar toka, wai don ta ƙara ƙarfi. Garin zamani yana da matsin da bututun maƙera ba zai iya ɗauka ba ko kaɗan. Mai yin haka bam ya kanga a fuskarsa.

Rigakafi ya fi magani

Gyaran ba ya cin kuɗi. Tsofaffin maharba sun san cewa ruwan ɗumi shi ne maganin dattin albarushi, domin gishirin da ke cikinsa narkewa yake a ruwa, mai kuwa ba ya narkar da shi. Abu na farko, a tabbatar babu ɗuri a ciki. Hanya mai sauƙi ita ce a yi alama a jikin sandar ɗuri daidai inda take tsayawa in bindiga babu komai, ta yadda duk ranar da alamar ta ɗago sama an san akwai abu a ciki. Bayan haka a wanke bututun da ruwan ɗumi da tsumma har tsumman ya daina fitowa baƙi, a zura siririyar waya a cikin hudar, a busar da bindigar sarai, sannan a shafa mai kaɗan. Kada man ya yi yawa, domin in ya kwanta a hudar shi ma yana kashe wuta. A yi wannan a ranar da aka yi harbi, kada a bari sai gobe.

In kuwa an ja kunama bindiga ta yi shiru, a bar bakinta yana kallon inda babu kowa, a jira minti ɗaya ko biyu kafin a taɓa komai. Bindigar da ta nuna tsaga ko kumburi a jikin bututu, a kai wa maƙeri ya duba, in ya ce ta mutu a haƙura da ita.

Abin da ya shafi 'yan kasuwa da iyaye mata

Uwar biki da ta ɗauko masu buga bindiga don ɗiyarta ta fita kunya tana da ikon ta gindaya sharaɗi. A ware masu fili nesa da rumfa, a hana yara zagaye su, a kuma hana kowa ɗuri a tsakiyar jama'a. Wanda ya biya kuɗi shi ke da magana.

Kada a yarda a ajiye albarushi a ɗakin girki, ko a shago kusa da fetur da ashana, musamman a hunturu lokacin da gobara ke cin kasuwanni. Haka nan kada uwargida ta bari maigida ya narka dalma a tukunya ko ludayin da ake abinci da su, ko a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Kowa na tune da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara kimanin 400. Masu sayen naman daji su ma su riƙa yanke inda harsashi ya shiga su zubar, su tsince ƙwayoyin dalma kafin nama ya shiga tukunya.

'Yan gwangwan masu sayen tagulla su lura da kwanson da ake kawo masu. Wanda maɓallin gindinsa ba shi da alamar bugu, ko bakinsa ke rufe, yana iya kasancewa da rai, kuma in ya shiga wutar maƙera zai tashi. A ware shi a sanar da hukuma.

Sai kuma masu fatauci tsakanin Magariya da Babura, ko tsakanin Dungas da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Kada kunya ta sa a karɓi saƙon ƙulli ba a san abin da ke ciki ba. In jandarma ko kwastan suka samu albarushi ko harsashi a cikin buhun wakenki, ke za a riƙe, mai saƙon yana gida yana shan fura. A Nijar, dokar farauta mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilun 1998 ta tsara yadda ake farauta da lasisi a ƙarƙashin ma'aikatan gandun daji, riƙe bindiga kuma sai da izinin hukuma, sannan tun 1994 aka kafa hukumar ƙasa mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. A Nijeriya ma, dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon hana riƙe ko bindigar toka ba tare da lasisi ba. Da yadda matsalar tsaro ta addabi yankunan kan iyaka, jami'ai ba su da lokacin sauraron "ban sani ba".

Farauta sana'a ce ta iyaye da kakanni, buga bindiga ranar salla kuma ado ne na masarauta, ba wanda ke cewa a bar su. Amma sarakunan baka da sarakunan maƙera na Magariya da Dungas suna da rawar takawa. Kafin a fita farautar bana, su tara yaransu a duba kowace bindiga, wadda ta lalace a ajiye ta. Iyaye mata kuma, in kun ga maigida ya dawo daga daji ya rataye bindiga bai wanke ba, ku ɗora masa ruwa a wuta ku miƙa masa tsumma. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu, Ya ba kowa kasuwa mai albarka, amin.